Ƙishirwar Kalilu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Wata a cikinku ta aiko tana tsokanata, wai mu a zamaninmu da me muke soyayya tunda ba waya ba saƙo. To 'yar nan, gyara zama. Ni ce Riskuwa, ɗiyar Malam Yari na unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Abin da zan ba ku ya faru ne tun Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, ina budurwa ina koyarwa a firamare, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara.

Da kaset muke yi. Saurayi ya sa batir a rediyo, ya zuba abin da ke ransa, ya naɗe kaset ɗin a takarda ya ba direba. Nawa daga Argungu yake zuwa duk Jumma'a, a aljihun Hodi mai motar haya.

Mai aiko da shi sunansa Kalilu, yana da injin gyaran shinkafa a bakin kasuwar Argungu. Ya girme ni sosai. Ya taɓa aure, matarsa Maryamu ta rasu wajen haihuwa ita da abin da ke cikinta, ya daɗe bai ƙara kallon wata ba, sai ranar da ya zo sayen buhuna wurin Baba ya ga na dawo makaranta da alli har a goshi. Ƙato ne, baƙi, mai tumbi da faɗin kafaɗa, gashin girarsa kullum fari da dusa, in ya yi dariya sai kajin gidanmu sun watse. Ba wanda ya tura ni, ni na ce ina so. Baba ya yi bincike ya gamsu, aka karɓi sadaki, aka sa rana bayan ƙaramar Salla. Akwatunan lefe ma sun riga sun iso, suna ƙuryar ɗakin Inna an lulluɓe su da zanen gado.

Abu ɗaya ne ni kaɗai na sani. Wata ranar zance, tun kafin manya su shiga maganar, ya bar wasa ya sunkuyar da kai.

"Malama," haka yake kirana, "akwai abin da ko Hajiya da ta haihe ni ba ta sani ba. Bara likita ya auna ni a Sakkwato, yac ce suga gare ni. Ƙwaya nika sha kullum. In za ki hwasa, ki hwasa tun yanzu, ba ni ganin laihinki."

Na ce, "To ni shan jininka aka ce zan yi?"

Ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya ce, "Amma ki riƙe mini. Mutanenmu da sun ji suga sai su hwara auna ma mutum likkahwani da ido."

Na riƙe. Sai dai na je wurin ƙawata Asiya, ma'aikaciyar jinya, na ce wai mijin wata malamar makarantarmu ne ke da shi. Ta kalle ni ta wutsiyar ido, ba ta tona ni ba. Ta zaunar da ni ta koya mini abin da ake dafa musu, da abin da ake hana su, da yadda ake ganewa in sugan ya sauka da in ya hau. Ni a raina tuwon da zan riƙa tuƙa masa kawai nake tunani.

Jumma'ar nan ta tsakiyar azumi, zafi har ruwan randa ya yi ɗumi. Hodi ya kawo kaset bayan an sauko masallaci. Na shige ɗakina, na saki labule, na kwanta rub da ciki, na kara rediyon a kunne na rage murya don kada Inna ta ji. Kullum da wasa yake buɗewa: "Nan gidan rediyon Kalilu, muna watsa shiri ga mai sauraro ɗaya tak." Ran nan babu wasan. Muryar ta fito a daƙile, a hankali, kamar wanda aka tasa daga barci.

"Malama... an sha ruwa lahiya? Mu yanzu munka sha namu."

Sai shiru. Sai na ji moɗa ta shiga randa, na ji maƙogwaronsa ƙwat, ƙwat, ƙwat. Ya dawo ya ce ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa a wurin inji, ya ɗaure da tsumma, ba komai. Moɗa ta sake shiga randa. Ya ce zafin bana daban ne, ruwa ba ya kashe masa ƙishi. Can sai ya sake ɗauko labarin ƙusar tun daga farko, kamar bai faɗa ba. Da zai rufe ya ce:

"To, sai na zo, Maryamu."

Na kashe rediyon.

Kada ku ɗauka tausayi ne ya fara zo mini. Zuciya ce ta taso mini har wuya. Saura ƙiris biki, yana kirana da sunan wadda ke kabari? Na cusa rediyon ƙarƙashin matashi, na fita na karɓi taɓarya hannun Inna na hau dakan gero kamar turmin ne ya yi mini laifi. Amma ina daka ƙarar moɗar nan nake ji. Na jingine taɓarya na koma na sake saurara. Kalilu mutum ne mai kiyaye harshe, ko da wasa ba zai yi mini wannan ba. Kuma mai hankalinsa a jiki ba ya ba da labari ɗaya sau biyu a zama ɗaya. Sai maganar Asiya ta faɗo mini: in ya hau, a hankali yake cin mutum. Ƙishi, fitsari, ƙishi, fitsari, har jiki ya bushe, kai ya ruɗe, daga nan sai barci. Wani barcin ba a tashi.

Buɗa-bakin ran nan ban san me na ci ba. Na zauna, na tashi, na warware kayan da ke ninke na sake ninkewa. Ba wanda zan tambaya, ba wanda zan aika ba tare da na fasa asirin ba.

Gari na wayewa na durƙusa gaban Inna. "Inna, ina son in je Argungu wurin Adda." Adda Fadimatu yayata ce, a can take aure.

Gwaggo Baiwa, yayar Baba, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, tana kan tabarma tana jan carbi. Ita ta riga Inna amsawa. "Amarya da yawo? Cikin ranag ga, da azumi a baki?"

"Atamfar biki zan kai mata, Gwaggo, ta ba tela kafin lokaci ya ƙure."

"Shi Hodi mi ya samu hannunai da ba a ba shi?"

Inna ta ɗago ta dubi idona, ta daɗe tana duba. Ban san abin da ta gani ba, amma ta tashi ta shiga wurin Baba, ta fito ta ce in je in kwana ɗaya in dawo.

Na zura atamfata ruwan toka mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwali, na yafa babban baƙin mayafi, ko kwalli ban tsaya sawa ba. A tasha motar ta ƙi cika. Na shiga, na fito, na sake shiga. Da aka tashi kuma direban ya tsaya loda buhunan albasa a hanya, ya tsaya gaisawa da surukinsa, ni kuwa ina murza bakin mayafi har ya jiƙe. Fadama ta bushe ta tsattsage, shanu sun taru a 'yan kududdufan da suka rage. Duk inda na ga ruwa sai in tuna moɗar nan.

Adda tana tankaɗe na faɗa mata gida. Ko zama ban yi ba na ce ta raka ni gidan su Kalilu.

Ta dafe ƙirji. "Gidan surukai? Tun ba a ɗaura ba? So kike a yi da mu a garin ga?"

"Adda, ki ce gaisuwar azumi kika je yi, ni 'yar rakiya ce."

"Mi ya hwaru?"

"Ban sani ba tukuna. Shi ya sa nake son zuwa."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta karkaɗe gari daga zanenta ta ɗauko mayafi.

Tun daga zaure muka ga takalma sun yi yawa. A tsakar gida mata sun yi jugum. Hajiya Laure, mahaifiyarsa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin gashi, tana bakin ƙofar ɗakinsa da mafici. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na durƙusa bayan Adda. Amma ƙofar a buɗe take, idona ya riga ni shiga.

Ban gane shi ba. Ƙaton nan ya zube a tabarma kamar buhun da aka zazzage. Idanu sun faɗa, leɓe ya tsattsage, bakin a buɗe, harshe busasshe kamar fata. Cikin wannan zafin da kowa ke tsiyayar gumi, goshinsa ko laima babu. Yana motsa baki yana wata magana da ba a ji. Ƙafar dama an naɗe ta da tsumma, ta kumbura har idon sawu. A gefen ɗakin ga fo na fitsari, ƙiyashi sun yi masa layi tun daga bakin ƙofa. Yayansa Ummaru yana durƙushe a kansa da kwalbar lemo da cokali, yana ɗura masa kaɗan-kaɗan. Kwalaben da aka shanye suna jingine da bango.

Hajiya tana gaya wa Adda: "Kwana da kwanaki shina shan ruwa kamar raƙumi, har azumin ya gagare shi. Ya sha ya zagaya, ya sha ya zagaya. Munka ce ƙarhi ya ƙare mai, munka dama hura da sukari, munka sawo lemo. Tun jiya magana ta harɗe. Ni dai na ce hannu na, sammu anka yi mai, tunda anka sa ranar auren ga idon mutane ke kainai. An tahi kiran malam."

Ku da kuka san kunya irin tamu kun san inda nake. Yarinyar da ba a ko ɗaura ba, a gaban uwar miji, ai ko tari sai ta nemi izni. Ga kuma alkawari na ɗauka. Na san in na buɗe baki, kafin rana ta faɗi maganar ta isa Birnin Kebbi. Ummaru ya sake cika cokali.

"Yaya, don Allah ka dakata!"

Adda ta mintsine ni a cinya. Na sauke mayafin daga fuskata.

"Hajiya, ku gafarce ni. Ba hannu ba ne. Ciwon suga gare shi, likita ya gaya masa tun bara. Lemon nan ƙara masa yake yi. Asibiti za a kai shi, yanzu."

Ummaru ya juyo da cokali a hannu. "Suga? To ai ni na ji mai suga in ya hwaɗi, sukari aka ba shi."

"Wancan wanda nasa ya sauka ne, Yaya. Shi gumi yake yi, jiki na rawa, kuma nan take yake faɗuwa. Wannan kwana da kwanaki yana sha yana fitarwa. Taɓa goshinsa ka ji, a bushe yake. Nasa hawa ya yi."

Ummaru ya taɓa. Ya dubi Hajiya. Wata tsohuwa daga gefe ta ce a dai jira malam tukuna, wata ta ce 'yan boko ba su da ta-ido. Hajiya ba ta kula su ba, ni take kallo.

"Ke kin sani," ta ce a hankali, "ni da na haihe shi ban sani ba?"

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan atamfata.

Ta ajiye mafici ta miƙe. "Ummaru, aje kwalbag ga. Jawo motar shinkahwa. Malam ya iske mu can, addu'a ba ta ƙin asibiti."

Maza huɗu suka ɗauke shi da tabarmar suka sa a bayan a-kori-kura. Hajiya ta hau ta ɗora kansa a cinyarta, ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Na hau. Muka riƙe masa zane a sama saboda rana. A hanya ya daina ko motsa bakin. Ina kallon ƙirjinsa yana tashi yana sauka, duk ramin da motar ta faɗa sai in ce shi ke nan.

A asibiti Allah ya haɗa mu da wani matashin likita, dogo, mai tabarau. Yana jin kalmar suga bai tsaya dogon zance ba. Ya ja fatar hannun Kalilu ya saki, ta tsaya a tsaye kamar ƙullu. Aka ɗebi jini aka ruga da shi, aka sa masa robar fitsari. Wata nas ta ɗiga fitsarin cikin wani shuɗin ruwa a 'yar kwalba ta ɗora a wuta, muna kallo ya rikiɗe ya koma ja kamar jar ƙasa. Jijiya ta ɓace saboda bushewa, sai da suka soka nan suka soka can kafin su samu. Suka rataya ruwa, suka buɗe shi yana gudu.

Likitan ya fito baranda ya same mu. "Wa ya ce a kawo shi?"

Hajiya ta nuna ni da haɓa.

Ya gyaɗa kai, ya juya gare ta. "Mama, jininsa ya yi kauri, kamar kunun da aka manta a wuta ruwan ya ƙone. Sukarin da ya taru shi ke janye ruwan jiki yana fitarwa ta fitsari, shi ya sa duk shan da yake yi ba ya isarsa. Maganin farko ruwa ne ta jijiya, gora bayan gora. In ya fara shiga sai mu bi da allurar insulin kaɗan-kaɗan, muna auna jini muna gyara gishirin jiki. Ba a sauke shi da garaje, in aka yi gaggawa ƙwaƙwalwa ce ke wahala. Saboda haka ku yi haƙuri, abin zai ɗauki lokaci. Kuma kada kowa ya ba shi komai ta baki, ko ruwa, ko rubutu, sai ya farka sosai. Zai iya shaƙewa."

"Lemon da munka ba shi..." Muryar Ummaru ta karye.

"Ba ku sani ba ne. Yana shan magani?"

Ummaru ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya ce a ƙarƙashin katifarsa ya gan ta da suna ɗaukarsa. Cike take. Likitan ya jijjiga ta ya girgiza kai.

"Tun farkon azumi ya ajiye, ke nan. Irinsa ba ya ɗaukar azumi sai ya zo an duba shi an tsara masa, wani ma hana shi ake yi. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame. Barin magani, ga zafi, ga kuma wannan ƙafar." Ya ajiye kwalbar. "Mun kwance tsumman. Ciwon ya ci ciki, shi ya ƙara tayar da sugan. Mun wanke, mun fara allurai. Mu fara ceto ran tukuna."

"Zai tashi?" Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba.

"Da kun kai gobe, da ban ce komai ba. Yanzu dai muna da abin yi. Ku yi addu'a."

Muka zauna a baranda. Gora ta ƙare aka sa wata, ta ƙare aka sa wata. Na ƙirga har na daina. Nas ta shiga ta fito, ta shiga ta fito, duk fitowarta sai na miƙe, ta ce mini da hannu in zauna. Malam ya iso ya tsaya daga bakin gado ya yi addu'a ya tofa. Aka kira magariba, Adda ta tura mini dabino a baki, na tauna na kasa haɗiyewa. Hajiya ta miƙo mini kofin ruwa da hannunta. Adda ta ja ni gida da ƙyar.

Da hantsi muka dawo. Tun daga nesa na hango Ummaru yana murmushi yana share ido da hula. Kalilu ya farka. Ya gane Hajiya, ya nemi ruwa, an jiƙa masa leɓe. Na tsaya daga bakin ƙofa, rabin jikina a waje. Leɓen ya fara laushi, idon ya ɗan ciko. Ya juyo a hankali ya gan ni.

Na zaci zai ce Malama. Ya dubi gorar ruwan da ke rataye, ya dubi Hajiya, ya dubi 'yan uwansa da suka cika ɗakin.

"Wa ya hwaɗa musu?"

Ba a ma bukatar amsa. Ya lumshe ido ya juya fuska ga bango.

Haka na hau motar Birnin Kebbi, ina kuka a cikin mayafi, rabi na godiya rabi ban san sunansa ba.

Labari ya riga ni isa. Ina sallama Inna ta amsa ciki-ciki ta ci gaba da tsintar shinkafa. Baba bai ce mini komai ba. Gwaggo Baiwa ce ta kira ni ɗakinta bayan azahar, ta sa na saki labule. Na shirya jin faɗa, sai na ga ba faɗa a fuskarta.

"Kin yi daidai da kika yi magana, rai ya hi kunya. Amma zauna ki ji. Kin san mi ya kashe mijina Malam Labbo?"

Na ce ciwon ajali, haka ake faɗa mana muna yara.

"Suga na. Yatsa anka hwara cirewa. Sannan ƙahwa. Sannan ido ya tahi. Ni ka wanke ciwon da ko ɗiyanai ba su iya tsayawa kusa da shi, ni ka ɗaukar shi zuwa bayan gida. Ban yi nadama ba, mijina na. Amma ni sai da na ci zamanina, na haihi ɗiyana, kana abin ya same ni. Ke da lallenki ɗanye za ki shiga jinya?"

"Gwaggo, yanzu akwai magani. Asiya ta ce in mutum ya kiyaye yana tsufa da shi."

"In ya kiyaye. Wanda ya tura magani ƙarƙashin katihwa tun ba a ɗaura ba? Ke za ki ƙare rayuwarki kina bi nai da ƙwaya da kohin ruwa?"

Nan ta ɗaure ni.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya zama kamar gidan makoki da ba gawa. 'Yan uwa suna shigowa sannu da azumi, su shige ɗakin Inna a yi ƙus-ƙus, in na gifta a yi shiru. Wata ta ce masu suga ba sa haihuwa, wata ta ce gado ake yi. Tela ya aiko da ɗinkina, riga da zane na leshi ruwan hoda, Inna ta karɓa ta sa a akwati ko buɗewa ba a yi ba. A aji ina rubutu a allo sai in tsaya da alli a hannu har yara su fara dariya. Jumma'a ta zo, na yi ta leƙen ƙofa. Hodi ya wuce ta gaban gidanmu bai tsaya ba.

Washegari bayan la'asar ina dama kunun tsamiya na ji sallama a zaure. Na gane muryar, Ummaru ne. Baba ya fita. Na ci gaba da damu, hannuna na juyawa kunnena na zaure, har kunun ya yi gudaji. Sun daɗe. Da Baba ya shigo bai wuce ɗakinsa ba, ya tsaya tsakar gida ya ce a kira Gwaggo, Inna ma ta fito. Na durƙusa a gabansa.

"Kalilu ya aiko yayanai," Baba ya ce. "Yac ce ya janye. Lehe ki riƙe, sadaki ya yahe."

Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya. "Yaron ya yi hankali."

Baba ya ɗaga mata hannu. "Ban amsa ba tukuna. Riskuwa, ban haɗa ki da shi dole ba, ba ni raba ki da shi dole. Ummaru na zaure shina jira. Mi zan ce mai?"

Ina kallon ƙasa. Na tuna fuskar da ya juya ga bango, raina ya sake ɓaci. Wato ni ce mai laifi da na hana shi mutuwa a tabarma?

"Baba, ranar da ya ce yana sona ba aike ya yi ba. In ya fasa, ya warke, ya tako da ƙafarsa har zauren nan ya faɗa mini. Sannan in ji."

Ya cire hula ya shafa kai, ya sake shafawa. Tunda nake ban taɓa ganin Malam Yari yana neman kalma ba.

"Ita ƙahwar ta, Riskuwa. Suga ya sauka, hankalinai ya dawo, amma ƙahwa ta ƙi. Gobe da sahe za a wuce da shi Sakkwato. Can za a duba, ko a bar mai ita, ko a cire. Shi ya sa ya aiko."

Inna ta yi salati. Carbin Gwaggo ya tsaya a hannunta. Na jira ta ce ai na gaya miki, ba ta ce ba.

Ni kuwa fushin nan da nake ta rainonsa sai na neme shi na rasa. Wato yana can kwance yana kallon ƙafarsa, ya yanke wa kansa hukunci, ya yanke mini nawa, shi kaɗai, kamar yadda ya ɓoye kwalbar magani shi kaɗai. Na ɗago kai na dubi Baba, abin da ban saba ba.

"Baba, in ba ka hana ni ba, a ce wa Yaya Ummaru ya jira a sha ruwa. In bi shi Argungu in kwana wurin Adda, gobe a tafi da ni."

"A matsayin wa?" in ji Inna. "Mutum ya ce ya janye, ki bi shi asibiti? Mi duniya za ta ce?"

Kunun da na bari a murhu ya fara ƙauri, ba wanda ya motsa.

Gwaggo Baiwa ce ta dafa bango ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta zura carbin a wuya.

"Ban yarda da auren ga ba, kuma ban canza magana ba. Amma in za ta tahi, ba ta tahiya ita kaɗai. Ni na san zaman bakin ƙohwar ɗakin da aka yanka mutum. Ba a yin shi ba babba kusa." Ta dubi Inna. "Kulu, ɗauko mini tabarmata da buta."

Duk muka juya ga Baba. Ya dubi yayarsa, ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya mayar da hularsa, ya gyara babbar riga a kafaɗa, ya nufi zaure inda Ummaru ke jira, bai ce e ba, bai ce a'a ba. A gidanmu kuwa, in Baba bai hana ba, ya yarda ke nan.